A Bar Masu Makoki Su Yi Kuka, Su Kuma Yi Tambaya

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda mu Kiristocin wannan yanki muke bi da mutumin da aka yi wa rasuwa. Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, amma ban ga laifin kawo maganar gabansu ba, domin a garin Gombe da wuya ka je zaman makoki ka tarar da mabiya addini ɗaya kaɗai a kan tabarma, kuma abin da zan faɗa ya shafi duk wanda ya taɓa binne nasa.

Damuwata ita ce, a yawancin majami'unmu mun mai da kuka abin kunya, mun kuma mai da tambaya zunubi, har ya zama wanda zuciyarsa ta karye ba ya samun inda zai faɗi gaskiyar halin da yake ciki sai ya fita daga cikin 'yan'uwansa masu bi. Ina ganin wannan hali bai fito daga Littafi Mai Tsarki ba, kuma yana yi wa mutane lahani a ɓoye fiye da yadda shugabanninmu suke tsammani.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, haifaffiyar ƙasar Tangale, kuma 'yar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, tun ina amarya. Maigidana, wanda dattijo ne a ikilisiyarmu, ya rasu bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. A wajen aikina na san abin da hawan jini da ciwon suga suke yi wa ƙoda idan sun daɗe a jikin mutum, na kuma san cewa wankin ƙoda yana jan kwana ne kawai, ba ya mai da ƙodar da ta riga ta lalace. Duk da wannan sani na yi addu'a da azumi da dukan zuciyata, ikilisiya ta yi, 'ya'yanmu sun yi, mun sayar da abin da za mu iya sayarwa, a ƙarshe kuma ya tafi. Sanin dalilin mutuwarsa ta fuskar likitanci bai rage mini nauyin tambayar da ta tsaya mini a ƙirji ba ko kaɗan, wato me ya sa Allah da muka kira bai amsa yadda muka roƙa ba.

Mutanen da suka zo ta'aziyya sun zo da ƙauna, wannan ba na shakkarsa, kuma har gobe ina gode musu. Amma kalmomin da suka fi yawa a bakinsu su ne: ki yi haƙuri, ya tafi gida, ya huta, Allah ya fi mu sonsa, ba a tambayar Allah, kada ki yi kuka kamar marasa bege. Wata uwa da nake girmamawa ta raɗa mini a kunne cewa in share hawayena domin matar dattijo ce ni, matasa suna kallona. Na share, na zauna a tsakiyar mata ina amsa gaisuwa, mawaƙa suna rera waƙoƙin nasara a ƙarƙashin rumfa, kowa yana yaba ƙarfin bangaskiyata, alhali kuwa a cikina babu abin da ya rage a tsaye.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi duhu a rayuwata. Nakan durƙusa da safe in buɗe baki, kalma ta ƙi fitowa. Nakan je sujada ranar Lahadi in riƙe littafin waƙoƙi, in ji kamar wani ne yake motsa leɓuna. Na tuna da marasa lafiya da yawa da na yi jinya, waɗanda ba su taɓa ambaton sunan Allah a gabana ba amma suka tashi suka koma gida da ƙafafunsu, sai in tambayi kaina ko akwai mai sauraron addu'a ma tun farko. Wannan tunani ya ba ni tsoro ƙwarai, domin tun ina yarinya a makarantar Lahadi aka koya mini cewa shakka ƙofar hallaka ce. Ban gaya wa fasto ba, ban gaya wa 'yan'uwana mata ba, domin na riga na san amsar da za a ba ni, na kuma ji tsoron kada maganar ta zaga gari.

Abin da ya taimake ni shi ne Littafin da aka ce ya hana ni tambaya. Wata rana ina buɗe Zabura ba da wata niyya ba, idona ya faɗa kan ta 88, na karanta ta daga farko har ƙarshe ina jiran inda marubucin zai juya ya yi yabo kamar yadda aka saba, sai na ga bai juya ba. Ya ce wa Allah kai ne ka jefa ni cikin rami mai zurfi, kai ne ka raba ni da abokaina, ya kuma rufe addu'arsa a cikin duhu. Duk da haka wannan addu'a tana nan cikin Zabura 150 da jama'ar Allah suka yi ta rerawa shekaru dubbai, ba wanda ya cire ta. Daga nan na fara bincike da idon wanda yake neman abin da zai riƙe. Na ga Zabura 13 ta tambayi Allah har yaushe sau huɗu a ayoyi biyu na farko. Na ga akwai littafi sukutum mai suna Makoki, sura biyar na kuka a kan rushewar Urushalima a hannun Babila fiye da shekara 580 kafin haihuwar Almasihu, kuma ayoyin nan da muke so a kan jinƙan Ubangiji da yake sabo kowace safiya suna tsakiyar wannan kuka ne, a sura ta 3, kafin su da bayansu duk hawaye ne. Masana suna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura koke-koke ne. Na yi mamakin yadda na shekara da shekaru a majami'a ban taɓa jin an yi wa'azi a kan Zabura 88 ba.

Littafin Ayuba shi ne aka fi yi wa rashin adalci a wajen jana'izarmu. Kusan kowane mai wa'azi yakan karanta inda Ayuba ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, sai ya rufe littafin ya ce mu yi koyi da shi. Wannan magana tana ƙarshen sura ta 1 ne, littafin kuwa sura 42 ne. A sura ta 3 Ayuban nan da kansa ya la'anci ranar da aka haife shi, daga nan kuma ya yi ta muhawara da Allah, yana neman a ba shi dama ya gabatar da ƙararsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba su ce uffan ba domin sun ga tsananin baƙin cikinsa, kuma a ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suka fara kare Allah, suna nema wa Ayuba laifin da ya jawo masa masifa, sai suka ɓata komai. A ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Wanda ya yi kuka ya yi tambaya shi aka wanke, waɗanda suka zo da shiryayyun amsoshi su aka tsauta wa. Ina roƙon kowane fasto da zai tsaya a bakin kabari ya riƙa tuna wannan.

Haka ma ayar nan ta 1 Tasalonikawa 4:13 da ake toshe bakin masu kuka da ita. Manzo Bulus bai hana baƙin ciki ba, ya dai ce kada baƙin cikinmu ya zama irin na waɗanda ba su da bege. Shi da kansa, sa'ad da abokin aikinsa Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, ya rubuta wa Filibiyawa cewa da ya mutu da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Da aka jajjefe Istifanas, ɗaya daga cikin masu bi na farko, har ya mutu, mutane masu ibada ne suka binne shi suka yi masa kuka mai zafi, Littafin Ayyukan Manzanni kuma bai zarge su da ƙarancin bangaskiya ba. Isra'ilawa sun yi makokin Musa kwana talatin. Fiye da duka, Yesu ya tsaya a wajen kabarin abokinsa Li'azaru ya zub da hawaye, alhali ya san zai tashe shi a wannan rana. Idan Ubangijinmu bai ji kunyar hawaye a gaban jama'a ba, ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa gwauruwa nauyin ɓoye nata ba.

Game da shakka kuwa, na lura cewa Yesu ya fi mu sauƙin hali nesa ba kusa ba. Yahaya Mai Baftisma, wanda ya nuna shi ga jama'a a bakin Kogin Urdun, da ya daɗe a kurkuku ya aika a tambaye shi ko shi ne mai zuwan ko kuwa a jira wani. Yesu ya aika masa da amsa, sa'an nan ya yabe shi a gaban taro. Almajirinsa Toma ya ƙi yarda da labarin tashin Yesu daga matattu sai ya gani da idonsa, sauran almajiran ba su kore shi ba, yana tare da su bayan mako guda sa'ad da Yesu ya zo ya nuna masa hannuwansa. Mahaifin yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura ta 9 ya ce ya gaskata, ya kuma roƙi a taimaki rashin bangaskiyarsa, duka a numfashi ɗaya, aka kuwa warkar masa da ɗansa. A kan gicciye ma kalmomin da suka fito daga bakin Yesu tambaya ce daga Zabura 22, yana tambayar Allahnsa don me ya yashe shi. Wasiƙar Yahuza ta umarce mu mu ji tausayin masu shakka. Duk waɗannan suna cikin Littafin da ke hannunmu da harshen Hausa tun 1932, kakanninmu kuma sun fara jin bishara a Kaltungo tun 1917. Ba sabuwar koyarwa nake kawowa ba, ina tuna mana ne da abin da muka daɗe muna tsallakewa.

Dole in taɓo wani ɓangare mai ɗaci, domin shi ne ya fi raunana ni. A lokacin jinyar maigidana, wasu masu kiran kansu annabawa sun shigo gidanmu da mai da ruwan addu'a, suka ce an nuna musu cewa ciwon ba na mutuwa ba ne, suka ce mu shuka iri na bangaskiya, wato mu ba da kuɗi, har ɗayansu ya ce zuwa asibiti alamar rashin dogara ga Allah ce. Bayan rasuwar ba wanda ya dawo ya ce annabcinsa bai cika ba. Abin da ya dawo kunnena shi ne cewa bangaskiyarmu ce ta gaza, ko kuwa akwai hannun wani a cikin dangi. Irin wannan magana ta raba gidaje da yawa a ƙasarmu, ta sa an zargi tsofaffin mata da maita, ta sa 'yan'uwa sun daina gaisawa. Koyarwar da ta ce duk mai bangaskiya ta gaske sai ya warke, koyarwa ce da take barin wanda aka yi wa rasuwa da zaɓi biyu kawai, ko ya zargi kansa ko ya zargi Allah. Amma annabi Elisha, wanda ta wurinsa aka warkar da Na'aman daga kuturta, ciwo ne ya yi ajalinsa. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Dawuda ya yi azumi ya kwana a ƙasa saboda jaririnsa, yaron ya mutu a rana ta bakwai. Babu mai iya cewa waɗannan mutane ba su san addu'a ba.

Wannan al'amari ya wuce gidana. Yankinmu ya sha makoki mai yawa a shekarun baya. A 2014 da 2015 bama-bamai sun tashi a tashoshin mota da babbar kasuwar Gombe, suka kashe Musulmi da Kirista ba bambanci. A waɗannan shekaru ne kuma 'yan'uwanmu daga Gwoza da Chibok da Mubi suka yi gudun hijira zuwa cikinmu, da yawansu ba su ma sami damar binne nasu ba. A lokacin Ista na 2019 mota ta afka wa jerin gwanon yaran Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta majami'a, a cikin garin Gombe, yara suka mutu a lokacin da ake murnar tashin Almasihu. Waɗanda waɗannan abubuwa suka shafa suna zaune a kan benci tare da mu kowace Lahadi. Idan abin da muke da shi domin su bai wuce mu ce su yi shiru su yi rawa ba, to muna rufe miki ne ba tare da mun wanke shi ba, kuma duk wanda ya yi aikin jinya ya san cewa irin wannan miki gyambo yake zama. Na san matasa da suka daina zuwa majami'a bayan mutuwar iyayensu, aka ce duniya ce ta ja su, alhali tambaya ce suka yi aka tsawata musu.

Sai kuma batun abin da yake faruwa bayan an kwance rumfa. Mun iya shirya jana'iza ƙwarai. Ana ajiye gawa a ɗakin ajiya makonni, a yi anko, a buga takardar tsarin sujada da hotuna, a yi hayar kujeru, a dafa abincin ɗaruruwan mutane, wani lokaci da bashin da iyalin za su daɗe suna biya bayan sun riga sun ƙare a jinya. Kwana kaɗan bayan haka kowa ya watse, gidan ya yi tsit, a nan ne kuma ainihin makoki yake farawa. A wannan lokaci wadda ta fi kowa leƙo ni ita ce maƙwabciyata, Hajiya, wadda takan shigo da yamma da ɗan kunu, ta zauna kusa da ni, wani lokaci ba ta cewa komai sai sannu. Ba ta taɓa yi mini wa'azi ba, ba ta kuma taɓa hana ni kuka ba. Na lura cewa maƙwabtanmu Musulmi suna binne mamaci da wuri ba tare da ɗawainiya mai yawa ba, matar mamacin kuma tana takaba wata huɗu da kwana goma, kowa ya san tana cikin wani hali na musamman. Ba ina cewa mu ɗauki hukuncin addininsu ba, amma akwai hikima a cikin yarda cewa baƙin ciki yana bukatar lokaci, mu kuwa muna sa ran gwauruwa ta koma cikin mawaƙa da murmushi bayan mako biyu.

Wataƙila mai karatu zai tambaya ina na tsaya yanzu. Ina nan cikin bangaskiya, amma ba irin ta da ba. Ban sami amsar dalilin da ya sa aka ɗauke maigidana a lokacin da aka ɗauke shi ba, na kuma daina yarda da duk wanda ya ce ya san dalilin. Begena yana kan abu guda, wato cewa Yesu ya mutu da gaske, aka binne shi, ya kuma tashi a rana ta uku. A 1 Korintiyawa sura ta 15 Bulus ya ce idan Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce, a wannan sura kuma ya kira mutuwa abokiyar gaba ta ƙarshe da za a hallaka. Wannan ya ba ni 'yanci ƙwarai, domin ba sai na yi kamar mutuwa abu ne mai daɗi ba kafin in zama mai bi. Ina iya ƙin ta, in yi kuka saboda abin da ta ƙwace mini, in kuma jira ranar da za a ci nasara a kanta. Akwai ranakun da wannan bege yake da ƙarfi a zuciyata, akwai ranakun da yake raunana, a irin waɗannan ranaku kuwa nakan karanta Zabura ta zama addu'ata tun da tawa ta ƙi fitowa.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, na ECWA da na sauran ɗarikoki, su ba koke-koken Littafi Mai Tsarki wurinsu a kan bagade, su yi wa'azi a kansu a ranakun Lahadi na yau da kullum tun kafin mutuwa ta shigo gida, domin mutane su san cewa akwai kalmomin da aka tanadar musu don ranar duhu. Malaman makarantun horar da fastoci su koya wa ɗalibansu yadda ake zama da mai makoki a saurare shi, da yadda ake riƙe sirrin wanda ya zo ya ce bangaskiyarsa tana girgiza, domin tsoron tonon asiri ne yake sa yawancinmu yin shiru. Idan kuma aka ga baƙin cikin mutum ya kai ga ya daina cin abinci da barci, ko yana maganar ɗaukar ransa, a haɗa addu'a da kai shi wurin likita, wannan ba gazawar bangaskiya ba ce.

Ga 'yan'uwana na Zumuntar Mata kuwa, mu ne muka fi kusa da gidajen nan, mu ne kuma muka fi yawan faɗin kalmomin da suke toshe baki. Ikilisiyar farko a Urushalima ta zaɓi mutum bakwai musamman saboda kada a manta da gwauraye a rabon abinci, Wasiƙar Yakubu kuma ta ce sahihiyar ibada ita ce kula da marayu da gwauraye a cikin wahalarsu. Ina ba da shawara kowace zumunta ta rubuta sunayen waɗanda aka yi wa rasuwa a cikinta, ta raba ziyara a tsakanin mambobi har shekara ta zagayo, a kuma rage wani abu daga kuɗin anko da abincin jana'iza a ajiye shi domin kuɗin makarantar marayun. Na gabatar da wannan shawara a zumuntarmu, ina kuma fatan matan Billiri da Kaltungo da Bauchi da Tafawa Ɓalewa da za su karanta wannan wasiƙa su kai ta gaban nasu shugabannin.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Taku,
Wata mai karatu,
Gombe.